Iyaye masu aikin sa kai a makarantun mishan, ku faɗa mana abin da kuka gani

Maman Tagwaye, Kaduna: Salama jama'a. Ran Lahadi bayan Misa Fada ya yi sanarwa wai makarantarmu na neman iyayen da za su riƙa ba da lokacinsu kyauta, wasu ɗakin magani wasu bakin get. Na ba da sunana ta wajen Zumuntar Mata amma gaskiya ban san me zan tarar ba. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku taimaka min.

Tsohuwar Nas, Jos: 'Yata kin yi abu mai kyau. Tunda na yi ritaya nake zuwa Talata da Alhamis. Abu na farko, yaro in ya zo da safe yana riƙe ciki ki fara tambayarsa ko ya karya, da yawansu yunwa ce kawai, shayi da burodi sai ki ga ya miƙe. Zazzaɓi kuma kar ki yarda a ba da maganin maleriya ba gwaji, abin gwajin nan na ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne ya nuna, kuma a kira iyaye tukuna. Amma abin da ya fi tsaya min a rai wata yarinya ce 'yar aji ɗaya a sakandare, lokacin hunturu, kin san sanyin Jos, an sa su shara da sassafe sai ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafarta tana hawaye ba sauti, malamin ya ɗauka lalaci ne har ya ɗaga murya, ni da na kalli idonta na ga ya yi ɗorawa na ce wannan sikila ce. Na lulluɓe ta da zanina, na ba ta ruwan ɗumi tana kurɓa har uwar ta iso muka wuce asibiti. Uwar ta ɓoye ne tana tsoron a riƙa nuna 'yarta. Daga ranar na roƙi Sista muka buɗe littafi na masu sikila da asma da farfaɗiya, yana kulle a durowa, kuma masu sikila an ɗauke musu sharar safe an bar su shiga aji da gorar ruwa.

Baban Yara, jihar Neja: Mu namu ɓangaren tsaro ne. Tun abin da ya faru a makarantar St. Mary's ta Papiri ranar 21 ga Nuwamba 2025, da aka shiga cikin dare aka kwashe ɗaruruwan yara da malamai, babu uban da ke barci da ido biyu a nan. Da aka koma makaranta muka raba kanmu, huɗu-huɗu. Ba zan yaudare ku ba, tocila da usur ba sa tare mai bindiga, wannan aikin hukuma ne. Abin da muka iya shi ne mun toshe inda katanga ta zube, mun sare ciyawar baya, lambar DPO da ta 'yan banga na wayar kowa, kuma ba mai ɗaukar yaro sai da kati ko da kawunsa ne.

Hajiyar Sabon Gari: Ni Musulma ce, 'ya'yana uku makarantar Sistoci suke, kuma ina cikin masu zuwa. Nawa aikin 'yan mata ne. Jakata ba ta rabuwa da audugar mata da siket ɗaya na canji, don na taɓa samun yarinya ta maƙale a bayi tun tara har aka tashi saboda siket ɗinta ya ɓaci tana jin kunyar fitowa. Da azumi matan coci ne ke karɓar min layina na rana, ni kuma Makon Mai Tsarki na riƙe musu nasu.

Malam Katikis: Nawa ƙorafi ne. Mutum 30 za su rubuta suna a gaban Fada, bayan sati uku saura biyar. Gara ki ɗauki rana ɗaya ki riƙe ta. Sannan bakinki, Maman Tagwaye. An taɓa samun wadda ta kai labarin ciwon wani yaro kasuwa, iyayen suka cire shi daga makarantar gaba ɗaya, har yau abin na damuna.

Maman Tagwaye, Kaduna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan ɗauki Laraba tunda ranar ba na buɗe shago da wuri. Mama Nas, me zan riƙe ranar farko?

Tsohuwar Nas, Jos: Sabulu, safar hannu, ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa) ko da guda biyar, da biro. Ki fara da tambayar Sista ko suna da lambar waya mai aiki ta iyayen kowane yaro, namu da muka duba kusan rabi ba sa shiga.