Abin da munka tsinta kan gwajin manhaja da kanta

Jama'a ga taƙaitaccen abin da anka tattauna a zaman da munka yi da 'yan uwa masu rubuta manhaja nan Gusau. Kowa dai ya yarda kar ka gwada tsarin kwamfuta a kan injinka na aiki, ka ɗora shi cikin QEMU (manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka), in ya lalace ka mayar da shi yadda yake da farko ka sake. Wasu sunka kawo openQA, kayan gwajin manhaja wanda openSUSE ta ƙirƙira Fedora ma tana amfani da shi (duka biyun masu yin tsarin kwamfuta na Linux ne), shi yana ɗaukar hoton allo ne ya kwatanta da ɗan yankin hoton da ka aje, ya danna maɓalli kamar mutum, to amma da an canza launi ko salon rubutu sai gwajin ya faɗi alhali manhajar lafiya lau, don haka yanki kaɗan za ka yanko ba allo duka ba. Kayan gwajin shafin intanet kuwa Selenium, na waya Appium.

Wanda ya fi burge ni: in kana rubuta gwajin, kar ka ce "jira daƙiƙa 10", ka ce jira har maɓallin ya bayyana, kwamfutocinmu ba saurinsu ɗaya ba. Kuma a gwada ƙ, ɗ, ɓ, sau da yawa akwati suke fitowa.