Allurar garmaho na tsalle, wace irin kanta zan yi masa?

Aminu, Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Garmahon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ƙirar Technics, na kai aka gyara. Na ɗora shi a kan teburin gilashi a falo, lasifikoki biyu suna gefensa. Da na ƙara murya sai ya kama gurnani, yara kuma suna giftawa da gudu allura ta yi tsalle. Jiya ta karce faifan da Baba ya fi so, abin ya tsaya mini a rai. Kantar katako zan sa a yi, ko ta ƙarfe?

Malam Bello kafinta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Gilashi da siririn ƙarfe duk amsa amo suke kamar kwano, ka bar su. Nemi katakon maɗaci busasshe mai kauri, ko falawud biyu a manne su da gam. A kafa shi a jikin bangon bulo, kada ya taɓa ƙasa, takun yara ba zai iso shi ba. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, yana da shiru, amma damina na kumbura shi.

Injiniya Sani, Kaura Namoda:
Malam Bello ya yi gaskiya, sai dai kafin ka kashe ko sisi, sauke lasifikokin nan daga teburin. Su ke girgiza shi, allura ta ɗauki girgizar ta mayar musu, su kuma su ƙara mata ƙarfi, gurnanin ke nan. Ka gwada ka gani: ɗora allura a kan faifai ba tare da yana juyawa ba, ƙara murya kaɗan, ka ƙwanƙwasa teburin da yatsa. Duk bugun da ka ji a lasifika, shi ke shiga cikin waƙarka. Nawa garmahon a kan guntun mabul yake, ƙarƙashinsa ƙwallon tanis biyu da na raba gida huɗu. Nauyi a sama, laushi a ƙasa. Ka kuma aro ma'aunin magina mai ruwa ka daidaita kantar, in ta karkace allura gefe ɗaya za ta riƙa ci.

Hajiya Luba:
Mu a gidanmu kwabo ake ɗora wa kan allurar, ta daina tsalle.

Injiniya Sani:
Hajiya, a yi haƙuri, kada ya yi haka. Yawancin irin waɗannan allurai nauyin giram 1 zuwa 3 ya ishe su, kwabo kuwa cinye layin faifan zai yi. Kuma Aminu, kada bangon ya zama wanda janareto ke bayansa.

Aminu:
Na gode ƙwarai. Na sauke lasifikokin yanzun nan, gurnanin ya ragu sosai, saura tsallen. Malam Bello, in Allah ya kai mu Asabar zan leƙo da awon garmahon. Maɗacin zai kai kaurin inci biyu?