Taƙaitawar shawarwari kan bin diddigin tarihin gonar kiwo ta Anna Creek

Waɗanda suka tattauna tarihin Anna Creek, gonar kiwon shanu da ke cikin hamadar Kudancin Ostireliya mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 23,000, sun fi nanata cewa kada mai bincike ya ruɗu da kalmar mallaka. Ƙasar ta gwamnati ce, makiyaya haya suke yi na dogon lokaci, don haka abin da ke sauya hannu shi ne takardar haya da dabbobi da gine-gine. Sun kuma ja hankali cewa tarihin wurin ya girmi zuwan Turawa, domin ƙasar mutanen Arabana ce, 'yan asalin yankin, kuma kotu ta amince da haƙƙinsu na gado a 2012.

Shawara ta gaba ita ce a bi sawun ruwa, tunda maɓuɓɓugan ƙarƙashin ƙasa ne suka sa kiwo ya yiwu a wannan busasshiyar ƙasa. Da tumaki aka fara, amma ɓarnar karnukan daji ta sa aka koma shanu.

Inda aka fi daɗewa a tattaunawar shi ne cinikin kamfanin kiwon shanu na S. Kidman, wanda ya daɗe yana riƙe da gonar. A 2015 gwamnatin tarayya ta hana sayar da kamfanin ga baƙi, saboda wani yanki na Anna Creek yana cikin filin gwajin makamai na Woomera. Sai aka ware gonar daga cinikin, kamfanin Williams na cikin gida ya saye ta a 2016, sauran gonakin Kidman kuwa suka koma hannun attajirar Ostireliya Gina Rinehart da abokan cinikinta daga Sin.