Musayar Waƙa: Sarkin Aro na Ruritaniya

Ɗan Malam Bazazzagi:
Salamu alaikum. Yau kan littafin Anthony Hope ne, The Prisoner of Zenda, na 1894, labarin ƙasar almara mai suna Ruritaniya. Ƙwar biyu za mu yi, kowa da amsa-amonsa.

Daren naɗin sarkin Ruritaniya
Aka ba shi ruwan inabin bugarwa.

Ƙaninsa Maikel shi ya aiko kwalbar,
Da magani ciki mai sa sumewa.

Gari ya waye, Rudolf na kwance,
An sheƙa ruwa, babu motsawa.

Ga Rasandil, baƙo ɗan Ingila,
Jan gashi da hanci, ba bambancewa.

Kanar Saft ya ce a aske gemunsa,
Ya sa kayan sarki, a je naɗawa.

Yini guda aka shirya zai yi,
To me ya hana shi saukowa?

Hajiya Mai Tawada:
Malam, kama ai ita ce mai araha,
Fuska kaɗai ba ta ba shi mulki ba.

Sun ɓoye sarki a ɗakin giya,
Da suka komo ba su same shi ba.

Bara na kwance an yanke wuyansa,
Sarki na Zenda, ba a yi shawara ba.

Ga ƙullin: Maikel in ya tona,
A ce ina na gasken? Ba zai amsa ba.

In ko ya kashe wansa a kurkuku,
Baƙo ya gaje, shi bai ci komai ba.

Su Saft ma bakinsu a ɗinke yake,
Wa ya naɗa jabu? Ba za su faɗa ba.

Autan Marubuta:
Yaya, kin taɓa jijiya, amma
Ƙaramin abu ke kai jabu ƙasa.

Sa hannu dai, rubutu ya bambanta,
Sai ya fake da rauni a yatsansa.

Sunan manyan fada bai sani ba,
Saft ke raɗa mai a gefen kunnensa.

Jakadan Ingila ya san shi tun gida,
An yi sa'a, tsufa ya ci idonsa.

Mark Twain a The Prince and the Pauper, 1881, hatimin sarauta ya sa:
Ɗan talaka na fasa ƙwaya da abinsa,

Yarima ya tuna ya ɓoye a sulke,
Nan fadawa suka yarda da zancensa.

Sarkin Magina:
Ni ginin Zenda nake dubawa, ƙanena,
Gwalalo cike da ruwa ya kewaya.

Gada guda ce, da dare a ɗage ta,
Zaratan Maikel shida, ba rago ko ɗaya.

Tagar sarki an kafa mata bututu,
Faɗin gawa, ruwa ne ƙarshen tafiya.

In an kawo hari a soke shi, a zura,
A ce ɗaki ba kowa, wa zai jayayya?

Don haka runduna ba ta da amfani,
Sai ɗan ciki, Yohan aka saya.

Ƙarfe biyun dare zai buɗe ƙofa,
Rufat, cikin zaratan, ya riga su da rigimar soyayya.

Kan Antuwanet, masoyiyar Maikel, ya soke ubangidansa,
Maikel ya faɗi, su Saft suka sami hanya.

Hajiya Mai Tawada:
Baba, ka gama da bango da bututu,
Gimbiya Filabiya ba ka taɓo ba.

Saft ya ce a neme ta, jama'a na son ta,
Dabara ce, bai auna zuciya ba.

Na aro ta so tun ranar naɗi,
Na gasken ba ta taɓa so haka ba.

Ta auri sarki don ƙasa ta zauna,
Ni dai hukuncin bai yi mini daɗi ba.

Jan fure ɗaya take aikawa a shekara,
Hope ya ga wannan ma bai isa ba.

A littafi na biyu, 1898, ya sa ta yi wasiƙa,
Rufat ya ƙwace, Auta, ba ka kai nan ba?