Neman Shawara: Jitar marigayi yayana, lambarta ta fara da E7, ta Amurka ce ko ta Japan?

Baffan Yara, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kayan kiɗa. Yayana ya rasu bara, ya bar mata ɗaya da yara huɗu. Cikin abin da ya bari akwai jitar lantarki da ya yi sana'a da ita tun yana saurayi, yana kiɗa a bukukuwa da wuraren taro. Hannu na biyu ya saye ta a Legas, babu rasit, babu wata takarda. A kanta an rubuta Fender Stratocaster, sai lambar siriyal da ta fara da E7, da wasu lambobi biyar a gaba. Ƙasa da sunan akwai wani ɗan wuri da aka kankare, da alama da reza, ba a ganin abin da ke rubuce a wurin.

Wani mai situdiyo ya zo ya gani, ya ce kwafi ce 'yar Japan, ya taya kuɗin da bai kwanta mini a rai ba, kuma yana son amsa kafin Juma'a. Ɗan maƙwabcinmu kuma ya duba intanet, ya ce harafin E na nufin shekarun 1980, 7 ɗin na nufin 1987, don haka 'yar Amurka ce mai tsada. Ni tela ne, ban san komai a wannan harka ba. Ina tsoron in sayar da dukiyar marayu a banza, ina kuma tsoron in ce wa mai saye ta Amurka ce alhali ba haka ba ne, in ciyar da su haram. Ta yaya zan gane shekararta da inda aka ƙera ta?

Sani Kibod:
Allah ya jiƙansa. Malam kada ka sayar wa mutumin nan! Yaron ya faɗi gaskiya. A tsarin Fender na Amurka, S na shekarun 1970 ne, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, lambar da ke bin harafin ita ce shekarar. E7 ai 1987 ke nan. Wayo yake so ya yi maka.

Baba Mai Gyaran Jita, Jos:
Allah ya yi masa rahama, ya raya abin da ya bari. Baffan Yara, ka yi daidai da ka tambaya kafin ka karɓi kuɗi.

Sani, tsarin da ka kawo haka yake a takarda, amma a wannan lambar ba zai yi aiki ba. Bari in faɗi dalili.

Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, ya riƙe shi shekara 20, sannan ya sayar wa ma'aikatan kamfanin ƙarƙashin Bill Schultz a 1985. Sai dai tsohuwar masana'antar da ke Fullerton a jihar Kalifoniya ba ta cikin cinikin. Sababbin masu kamfanin suka tsinci kansu da suna babu wurin ƙira, sai da suka buɗe wata ƙarama a garin Corona. A wannan tsakanin, yawancin jitocin Fender da ke shiga kasuwa daga Japan suke fitowa, domin tun 1982 aka kafa Fender Japan, kuma masana'antar FujiGen da ke Matsumoto ce ke ƙera musu. 

To ga inda ake ruɗewa. Jitocin Japan na 1984 zuwa 1987 su ma da harafin E lambarsu ke farawa, da lambobi shida a bayansa, tamkar na Amurka. Su kuma na Amurka, an buga tambarin lambobi da yawa tun kafin a sayar da kamfanin, aka ci gaba da manna su har suka ƙare. Shi ya sa jitar Amurka ta 1987 za ka same ta da E4, har cikin 1988 ana amfani da E4 ɗin, daga nan aka tsallaka E8. Duk lokacin da aka kawo mini E5, E6 ko E7, Japan nake fara zato. Kuma a jitar Japan, lambar da ke bin E ba shekara ba ce. Abin da kawai za ka iya cewa shi ne tsakanin 1984 da 1987.

Wurin da aka kankare ɗin nan shi ya fi ɗaukar hankalina. Nan ne ake rubuta ƙasar da aka ƙera ta. Ba wanda zai ɗauki reza ya goge sunan Amurka daga kan jitarsa. Wanda ya goge, sunan Japan ya goge, don ya sayar da tsada, kuma mai yiwuwa tun kafin ta shigo hannun marigayi.

Amma kalmar "kwafi" da mai situdiyo ya yi amfani da ita ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ta ɓata mini rai. Kwafi ita ce wadda wani ya ƙera ya manna sunan Fender ba da izini ba. Wannan, in ta tabbata ta Japan ce, Fender ce ta asali, kamfanin da kansa ya sa aka yi. Na buɗe su da yawa a teburina. Mahaɗin wuya da jiki a matse yake, ko takarda ba ta shiga, aikin katakon kuma babu algus. Akwai makaɗa a Turai da Amurka da ke neman na waɗannan shekarun musamman.

Kafin ka taɓa sukundireba, duba abu uku ka gaya mana. Ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan, waɗanda muke kira firet. Duba jakin ƙarfen da tsirkiyoyin ke hawa a kai, sukuru nawa suka riƙe shi ta gaba? Sannan ka juya bayanta, akwai farantin ƙarfe mai sukuru huɗu da ke riƙe wuya: akwai wani ɗan rami a jikinsa, ko wata lamba?

Maman Hanifa, Zariya:
Allah ya gafarta masa. Ni ban san jita ba, amma Baffa ka tuna wannan kayan gado ne. Kada ka yanke ciniki kai kaɗai ko da niyyarka mai kyau ce. Ka zauna da mahaifiyar yaran da duk wanda ke da haƙƙi, a sami shaidu biyu, a rubuta abin da aka taya da abin da aka sayar. Gobe yaran nan za su girma su yi tambaya. Kuma ka tambaye su tukuna, ko akwai wanda ransa ke kan kayan mahaifinsa. Wa'adin Juma'ar nan kuwa ka manta da shi. Mai son kaya da gaske ba ya gudu saboda mako ɗaya.

Baffan Yara, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Hanifa, mun zauna da matar Yaya, ita ce ma ta ce a sayar saboda kuɗin makaranta, kuma zan sa a rubuta kamar yadda kika ce. Baba, na duba. Firet 21 ne. Jakin sukuru shida ne a jere. Farantin baya sumul yake, sai sunan Fender kawai, babu rami babu lamba. Na kuma lura bakin ƙarafan nan yana kartar hannu idan na shafa gefen wuyan. Ta lalace ke nan?

Ɗan Agadas:
Ba ta lalace ba, yaya, hunturu ne. Katako ya bushe ya ɗan tsuke, ƙarfen kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Mu nan kullum da shi muke fama. Mai gyara zai goge shi da ƙaramin zarto. Kada dai ka ajiye ta inda rana ke duka ko kusa da kwanon rufi. Kuma in Kaduna ba a taya da kyau ba, ka sani a Agadas da Yamai da wuya a yi biki babu 'yan jita, kuma irin wannan ƙirar suke so saboda kaifin muryarta.

Baba Mai Gyaran Jita, Jos:
To, magana ta fito. Samfurin Fender na Amurka mai suna American Standard da aka fara sayarwa a 1987 firet 22 gare shi, jakinsa a kan ƙafa biyu yake, kuma farantin bayansa na da ɗan ramin da ake saita kwanciyar wuya ta ciki. Naka ba shi da ko ɗaya. Akwai na Amurka masu firet 21 da sukuru shida a wancan lokacin, waɗanda aka yi su a kan tsohuwar ƙira, amma su lambarsu da V take farawa kuma a kan farantin baya aka buga ta. Saura abu ɗaya: wasu jitocin Squier, wato masu rahusa da Fender ke fitarwa da wannan sunan, da aka yi a Koriya a ƙarshen shekarun 1980 su ma suna da E, kuma ana canza musu tambari. Don haka sai an leƙa ciki.

Wannan aikin ka kai wa mai gyara, ka tsaya a kansa. Zai sassauta tsirkiyoyin, ya kwance sukuru huɗun, ya ɗaga wuyan a miƙe don kada fentin gefen ramin da wuyan ke zama a ciki ya ɓantare. A gindin wuyan da cikin ramin, na Japan kan ɗauki hatimin samfuri da ke farawa da ST da lambobi a gaba, wani lokaci har da kwanan wata da fensir. In ka sami kwanan watan, ya fi lambar siriyal kusa da gaskiya.

Sai ya ɗaga farar robar gaba ya duba bayan maɓallan ƙara sauti. Na Amurka suna da lamba mai faɗin komai: in ta fara da 137, kamfanin CTS ne ya yi, lambobi biyu na gaba shekara ce, biyun ƙarshe mako. Misali 1378612 na nufin mako na 12 na 1986. Na Japan galibi ba su da wannan tsarin, don haka in ka ga irinta a taka, mai yiwuwa an taɓa canza su ne. Dalmar ma tana magana: ta masana'anta ƙarama ce mai tsafta, ta gyara kuwa curi-curi take.

Roƙona gare ka, kada ka sake mata fenti, kada ka goge wurin da aka kankare, kada ka bari a manna sabon tambari. Duk abin da aka cire, ko sukuru ɗaya ne, a zuba a leda a haɗa wa mai saye. Tsufan fentin ba aibi ba ne a wurin wanda ya san kaya.

Injiniya Bello, Abuja:
Game da farashi, kada ka bi abin da mutane ke nema a talla, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Shiga kasuwannin intanet na Reverb ko eBay, ka tace waɗanda aka riga aka sayar, ka nemi Stratocaster ta Japan mai lambar E. Sai ka rage, saboda kankarar nan za ta taɓa kuɗin, kuma kasuwarmu ba tasu ba ce. In za ka sa a Jiji ko Facebook, rufe lambobi uku na ƙarshe a hoton, domin masu jabu na kwashe lambobi. Mai saye ya zo ya jona a amfilifaya ya gwada, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba saƙon alat ba.

Sani Kibod:
Na karɓi gyara, Baba. Malam, in an buɗe ka turo hotunan. Akwai masu kiɗan coci biyu a Sabon Tasha da na san suna neman irinta.

Baffan Yara, Kaduna:
An buɗe yau a gabana. Akwai hatimin ST a gindin wuyan da cikin ramin, babu kwanan wata. Maɓalli ɗaya an taɓa canza shi, sauran na asali ne in ji mai gyaran. Baba, me zan rubuta a tallar?

Baba Mai Gyaran Jita, Jos:
Rubuta haka: Fender Stratocaster ƙirar Japan, lambar E, tsakanin 1984 da 1987. An kankare sunan ƙasa a kanta tun kafin ta zo hannunmu. An canza maɓalli ɗaya, sauran kayan na asali ne. Ka sa hoton gindin wuyan, da na cikin ramin, da na wurin kankarar a fili, kada ka rubuta 1987 ita kaɗai tunda ba mu da shaidar hakan. Mai situdiyon ma ka tura masa hotunan, ka ce ya sake tayi tare da sauran masu so.