Littafi da Hanya: Musayar Waƙa Tsakanin Ankara da Kumasi

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Daren jiya na kammala wani littafin almara da na saya a wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Makola a nan Ankara, babban birnin Ghana, kuma ga abin da ya bar mini a rai, ina jiran amsar manya.

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Shi ne ya shimfiɗa ƙasa, ya tsaga mata hanya.

Idan wuta ta ɗauke a Nima da dare,
Nakan kunna tocila in shiga wata duniya.

Can akwai birnin da aka gina kan gajimare,
Da doki mai magana, da takobin sarauniya.

Matsafi ya ɗaure ruwan sama shekara bakwai,
Sai wani maraya ya kwance shi da ƙarfin zuciya.

Yaran mota na kiran Madina a gindin tagata,
Ni kuwa ina bayan dutsen Ƙaf, nesa da hayaniya.

Wanda ya riƙe littafi, ina ruwansa da tasha?
Ku gaya mini, manya, me zan nema a tafiya?

Yaya ta Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina amsa maka daga Kumasi da amon da ka ɗauko.

Na sha irin ruwan da kake sha, ƙanena,
Tun Inna na ba mu Gizo da Ƙoƙi a tatsuniya.

Maƙwabtanmu Asante suna kiransa Ananse,
Wayonsa bai canza ba, haka ma yawan ƙarya.

Amma wata Asabar na hau mota zuwa Bosomtwe,
Kilomita kamar 30 ne, na isa tun da safiya.

Ina gangarowa sai ga tafki tsakiyar tsaunuka,
A kewaye yake tsaf, tamkar bakin rijiya.

Dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa shi,
Yau shekara miliyan ɗaya ke nan da ɗoriya.

Na ga masunci a kan gungumen katako,
Yana tuƙi da hannu, ragarsa tana daga baya.

Na tsaya bakin ruwan har rana ta take,
Kuma wallahi babu shafin da ya taɓa ba ni wannan natsuwar zuciya.

Baba na Sabon Zango:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ku ba tsoho wuri, domin wannan zance ya taɓa asalinmu.

Ku tambayi kanku me ya sa ake kiran unguwanninmu zango,
Zango masaukin fatake ne idan sun gaji da tafiya.

Kakanninmu sun baro Kano da kanwa a kan jakai,
Madugu na gaba, ayari na bin sa a baya.

Wata da watanni suke yi kafin su ga Gwanja,
Su sauke a Salaga, su ɗaure goro a cikin kaya.

Da dare, an ɗaure dabbobi, an hura wuta,
A nan ake ba da labarin aljanu da dodon rijiya.

To, ɗana, almarar da kake so a ƙafa ta zo mana,
Fatake ne suka ɗauko ta tare da dukiya.

Alhaji Umaru, da aka haifa a Kano a 1858,
Ya bi wannan turba da alƙalami da Hausar ajami a zuciya.

A Kete Karachi ya rasu a shekarar 1934,
Bayan ya koyar, ya yi waƙa, ya rubuta tarihin jiya.

Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965,
Ruwan Bolta ya shanye tsohon garin gaba ɗaya.

Na je Salaga da ƙafata, na ga rijiyoyinta,
Na tsaya inda aka sayar da mutane kamar kaya.

Ranar ban iya cin abinci ba har dare,
Wannan baƙin cikin ba ƙage ba ne, gaskiya ce tsirara a kan hanya.

Ɗan Nima:
Baba, na rusuna. Yaya, na gode.

Ina da littafin zane da nake ɓoyewa,
Cike da taswirar ƙasashen da babu su a duniya.

Na zana koguna da ganuwa da fadar matsafa,
Amma Salaga babu ita a ciki, abin ya ba ni kunya.

Bayan Sallah zan hau mota daga Ankara,
Kilomita kamar 250 zuwa Kumasi ba za su gagare ni ba, Yaya.

Littafina na almara zai shiga jaka tare da ni,
Da fensir, da farar takarda wadda na shirya.

Yaya ta Aboabo:
Idan kun wuce Nkawkaw ka kira ni, ƙanena,
In aiko yaro ya tarbe ka a Kejetiya.

Za ka sha koko da ƙosai kafin mu kama hanyar tafki,
Ka taho da takalmi mai ƙarfi, gangaren akwai tsakuwa da ƙaya.