Sitiyarin Elantra 2012 yana ƙwas-ƙwas, zan iya gyarawa da kaina?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Motata Hyundai Elantra ce ta 2012. Ko a tsaye take, da na ɗan juya sitiyari dama da hagu sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin dashbod, saitin gwiwata. An ce sai na sayo sandar sitiyari gaba ɗaya a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas. Haka ne? Ina da sifanu da ɗan sanin hannu.

Bakaniken Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Sitiyarin wannan mota na lantarki ne, ba na mai ba. A jikin sandar akwai ƙaramin moto da ke taya ka juyawa, kuma tsakaninsa da giyar da ke cikin sandar akwai wata 'yar roba mai siffar tauraro, faɗinta bai wuce murfin kwalba ba. Zafi da daɗewa ke cinye haƙoranta, sai ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Ciwon Elantra da Sonata na waɗannan shekaru ke nan. Lambarta 56315-2K000-FFF. Da lambar za ka shiga Ladipo, don in ka ce "robar sitiyari" kawai, Allah kaɗai ya san abin da za a miƙo maka. Sabuwa za ka saya. Ta tokumbo ita ma ta sha zafinta.

Fara da cire kan batir na negatif, ka jira kamar minti 5 saboda jakar iskar da ke cikin sitiyari. Tayoyi su miƙe sak. Cire robobin da suka rufe sandar da murfin ƙasan dashbod, ka zare soket ɗin wayoyi, sannan ka kwance notocin da suka rataye sandar, ka sauke ta a hankali kan kujera. Tana da nauyi, a samu mai tallafa maka. Ƙusoshi 3 masu kan tauraro ne ke riƙe da moton, makullin T30 ke kwance su. Da ka ɗaga shi za ka tarar da robar ta zama gari. A nan ake yin sake: dole ka tsince ɓurɓushin tas da buroshi, har cikin lungunan haƙoran, in ba haka ba sabuwar ba za ta zauna daidai ba. In moton ya ƙi komawa mazauninsa, juya bakinsa kaɗan da yatsa har haƙoran su haɗu. Kada ka tilasta shi ya zauna ta hanyar ɗaure ƙusoshin, za ka tsaga robar.

Mai Wayarin Mile 12:
Gaskiya Oga ya faɗa. Ƙari ɗaya: in ka raba sandar da shaf ɗin ƙasa, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari zuwa wajen tayoyi, yi wa mahaɗin alama da fenti, kuma ka ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera. Bayan sitiyarin akwai siririyar waya a nannaɗe da ke kai wuta ga hon da jakar iska. In ya wulwula babu komai riƙe da shi, wayar ta tsinke, an koma sabon kashe kuɗi. In fitilar EPS, wato ta gargaɗin sitiyarin lantarki a dashbod, ta ƙi mutuwa bayan ka haɗa, sai an sa na'urar sikanin an daidaita tsakiyar sitiyarin.

Baban Yara Obalende:
Ɗan'uwa, tabbatar da wurin ƙarar kafin ka kwance noti ko ɗaya. Wani ya riƙa kaɗa sitiyarin, kai kuma ka kama joyin ɗin shaf da ke kusa da fedar birki. In a hannunka bugun yake, joyin ne ya yi lako-lako ko tsatsa, abin da ba ya wuya ga motar da ke ratsa ambaliyar Legas da damina. Giris ba ya maganinsa, canja shaf ɗin ake yi. In kuwa sai ka faɗa rami kake jin ƙarar, leƙa ƙasa wajen tayarod da linkin sitabilaiza, wato ƙarafan da ke haɗe da ƙafafun motar na gaba.

Ɗan Agege:
Na gwada yanzu. Joyin shiru, daga sama wajen moton bugun ke fitowa. Asabar zan shiga Ladipo da lambar. Allah ya saka da alheri.